Yadda Kasuwar Barci Ta Farka

Duk wanda ya ratsa Tudun Wada ta Kaduna kafin 2020, ana saura kwana goma salla, ya ji kukan kekunan ɗinki yana tashi daga wannan layi zuwa wancan har bayan lisha, ya ga 'yan dako ɗauke da diloli suna kutsawa cikin jama'a suna neman hanya, lalle zai yi mamakin wanda ya raɗa wa wannan wuri suna Kasuwar Barci, alhali kuwa in akwai abin da ya fi ƙaranci a cikinta, to, barcin ne. Sai dai sunan yana da sababi.

A wajajen shekarar 1973, wato shekarar da aka ajiye fam da sule aka kama naira da kwabo, zamanin da Birgediya Abba Kyari yake mulkin Jihar Tsakiyar Arewa, hukuma ta ƙudura sake gina babbar kasuwar Kaduna, wadda daga baya aka sa mata sunan Shaihu Abubakar Gumi. Saboda haka aka tashi 'yan kasuwa, aka kai wani kaso nasu Tudun Wada su zauna kafin a gama aiki. Rumfa ta samu, haja ta samu, masu saye ne ba su biyo ba. Dattawan kasuwar suna ba da labarin cewa mutum zai baje kayansa da hantsi, ya zauna yana korar ƙuda har azahar ba wanda ya taya, daga nan ya jingina da dilarsa barci ya kwashe shi, maƙwabcinsa ma haka. Mutanen gari, waɗanda ba su barin abin dariya ya wuce, suka sa wa wurin sunan da ya bi shi har yau. Da aka gama ginin, waɗansu suka koma, waɗansu kuwa suka yi tawakkali suka zauna.

To, ta yaya wanda ba shi da banki a bayansa, ba shi da hanyar talla sai bakinsa, ya tashi kasuwa daga barci? Galibinsu da ɗan abin hannunsu suka fara: kwasar adashi, ko gadon da aka raba, ko abin da ubangida ya sallami yaronsa da shi bayan shekarun hidima, ko kuwa kuɗin wani ɗan'uwa da ya bayar a juya a raba riba, abin da malaman fiƙihunmu suke kira ƙiradi. Mai irin wannan jari ba ya iya ɓarnar mai saye ko ɗaya. In Allah ya kawo mutum guda a wuni, to, dole a yi masa abin da zai sa ya komo, ya kuma jawo wani.

Dubi tela. Yana da wani littafi da ya sha hannu har bangonsa ya yi baƙi, a ciki akwai awon kowa, tsawo da kafaɗa da hannu da wuya, da abin da aka bayar na kafin alƙalami da abin da ya saura. Magidanci zai aiko da shadda yadi goma ba tare da ya zo ba, tela ya buɗe shafinsa, ya tuna kuma cewa Alhaji ya ɗan yi jiki tun bara, ya ƙara masa inci ɗaya bai faɗa wa kowa ba. Mai gwanjo shi ma da tasa hikimar. Ranar fasa dila, kafin 'yan tsince su rufe shi, ya riga ya ware na sama ya tura ƙarƙashin benci, in Hajiyar da ta saba saye a wurinsa ta iso ya ce, "Hajiya, ga na yaran nan na ajiye miki." Ta ce, "Malam, ai wata bai yi ba." Ya ce, "Haba Hajiya, ɗauki, in an yi albashi kya aiko." Wannan bashi ba shaida, ba sa hannu, amana ce tsagwaronta, kuma ni a ganina ita ce uwar kuɗin kasuwar ta haƙiƙa, ribar kuwa tana zuwa ne a shekara ta biyu da ta uku, sa'ad da Hajiya ta kawo ƙanwarta da matan layinsu.

Zamani ma ya taimaka. Kaduna gari ne na masu albashi tun da Turawa suka taso daga Zungeru suka mai da ita hedkwata a 1917, ga ma'aikatan masaƙu na Kakuri tun buɗe ta farko a 1957, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha a nan cikin Tudun Wada, sa'an nan kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka zuba a aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, waɗanda a da suke jin kunyar a gan su a layin gwanjo suka shigo da kansu, wanda kuwa ya riƙe su da mutunci a ranar ƙunci bai rasa su ba bayanta.

A 'yan shekarun nan na ji samarinmu masu rubuta manhajar kwamfuta, irin waɗanda suke taruwa a cibiyar CoLab da aka buɗe a Barnawa a 2016, suna ta maganar wani fanni da kamfanonin Amurka suka ƙago, na tabbatar da cewa mai saye ya ci moriyar abin da ya saya. Dalilinsu a fili yake: manhajar yanzu haya ake biya wata-wata, wanda bai ji daɗi ba sai ya daina, saboda haka sai an bi shi ana tambaya, ana gyara, ana lura da ranar da ƙafarsa ta fara ɗaukewa. Suna buga misali da kamfanin Mailchimp, wanda aka kafa a Atlanta a 2001 ba da kuɗin masu zuba jari ba, aka sayar wa Intuit a 2021 a kan dala biliyan 12, da kuma Zoho na Indiya da ya girma a kan cinikinsa tun 1996. Ban raina iliminsu ba, amma da na saurara sai na ga littafin tela ne aka zuba a na'ura, illa dai na'urar ba ta san Alhaji ya yi jiki ba sai an gaya mata.

A watan Maris na 2020 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta rushe kasuwar domin a yi ginin zamani, bayan 'yan kwanaki kuma aka kulle jihar saboda annobar korona. Mutane suka yi asara mai yawa, waɗansu ba su tashi ba har yanzu. Teloli suka ɗauke kekunansu zuwa zaurukan gidaje da lungunan unguwa, masu gwanjo suka koma fasa dila a tsakar gida suna ɗaukar hoto suna turawa ta WhatsApp. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, waya ta fara ƙara a aljihun tela, in ya ɗauka ya ji ana cewa, "Malam, yanzu ina ka koma? Zan aiko yaro da yadi."