Amsar Wasiƙa: Abin Da Ya Faru A Kano Ran 20 Ga Janairu, 2012

Wani manomi mai kawo hatsi kasuwar Dawanau ya aiko mana da wasiƙa, ya ce duk shekara idan 20 ga watan Janairu ta zagayo yakan ji muna yi wa mamatan Kano addu'a, to shi yana so ya san ainihin abin da ya faru, don a lokacin yana ƙauye, labari kawai ya ji a bakin direbobi. To malam, ka tambayi wanda abin ya faru a kan idonsa, domin a Tarauni nake zaune, kuma a lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban shigo aikin rediyo ba.

Ranar Juma'a ce, cikin hunturu. Ba a daɗe da janye yajin aikin cire tallafin man fetur ba, kasuwa ta fara dawowa, kowa na neman mayar da asarar da ya yi. Wajen ƙarfe biyar na yamma sai muka ji wata ƙara da ta girgiza ƙyauren gidanmu. Ni na ɗauka taransifoma ce ta fashe. Kafin in sa takalmi sai ga ta biyu, sai ta uku, daga nan harbi ya kaure ba ƙaƙƙautawa.

'Yan Boko Haram ne suka faɗa wa wurare da dama kusan lokaci guda: hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da ta jiha a Bompai, da caji ofis na Farm Centre, da ofishin fasfo na hukumar shige da fice, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya. Kakakinsu, wanda ake kira Abul Ƙaƙa, ya ce sun yi haka ne don an ƙi sakin mutanensu da ke tsare.

Amma malam, duba lissafin da 'yan sanda suka bayar. Mutum 185 suka rasu, a cikinsu 150 farar hula ne. Wato waɗanda aka ce da su ake faɗa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran su wane ne? 'Yan acaɓa, masu tura baro, 'yan tireda, magidantan da suka taso daga kasuwa da cefane a hannu. Irinku ne, irinmu ne. Har da ɗan jaridar Channels TV, Enenche Akogwu, wanda aka harbe a nan kusa da mu yana ɗaukar labari. Wani maƙwabcina mai sayar da lemo ya fita karɓo bashi, sai bayan kwana biyu 'yan'uwansa suka gano shi a ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala. Na raka su. Abin da na gani a can ba na faɗa a rediyo ba ne. Allah ya jiƙansu da rahama.

A daren gwamnatin Kwankwaso ta sa dokar hana fita ba dare ba rana, daga baya aka sassauta ta. Ranar Lahadi Shugaba Goodluck Jonathan ya zo jaje fadar Sarki Ado Bayero. Daga nan shingayen bincike suka cika gari. Wanda ya ɗauko tumatir daga Kadawa ya san sauran, kaya na iya ruɓewa a layi kafin a kai kasuwar 'Yan Kaba.

Ka kuma tambaya ko wannan harin ne ya sa aka hana acaɓa. A'a, mutane na haɗa biyun ne. Sai bayan shekara guda, ran 19 ga Janairu, 2013, da aka buɗe wa ayarin Sarki Ado wuta, shi ya tsira amma direbansa da wasu dogarai suka rasu, sannan gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Tun daga lokacin adaidaita sahu ta mamaye titunan birni.

Iyalin maƙwabcin nan nawa suna nan a layinmu. Ɗansa da aka bari a goye yanzu shi ke zama a teburin lemon idan an taso daga makaranta.