Zamanin Alƙalami da Takarda Mai Layi Biyar

Tun da na ajiye sandar jagorancin makaɗa, yaran da suka gaje mu ba su da tambaya sai ta yadda za su gyara motsin hannu. Hannunsu lafiya lau. Kunnensu ne bai sha wuya ba, domin ba su taɓa kwafar kiɗa da alƙalami ba.

Mu da muka tafi Nsukka daga Arewa a ƙarshen shekarun 1970, mun tarar da sashen kiɗan da aka buɗe a 1961, na farko a jami'o'in Najeriya, yana farfaɗowa daga ɓarnar yaƙin basasa. Littafin kiɗa guda ɗaya tal ake samu, na jagora. Sauran kuwa, ɗalibi ne zai zauna da takarda mai layi biyar, ya fitar wa kowane makaɗi rabonsa: na masu goge daban, na masu sarewa daban, na masu ganga daban. Kilarinet da begila sai ka ɗaga musu rubutun da mataki ɗaya, in ba haka ba ranar gwaji ka ji abin da ba ka shuka ba.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ba ya ba ka sanda sai ka kwafe kiɗan gaba ɗaya. Zai ɗauki takardarka ya tambaya, "A ina mai begila zai yi numfashi?" In ka yi shiru, ya miƙo maka sabuwar takarda. Haka kuma ya hana mu katse jimla a ƙarshen shafi, don kada mai goge ya rasa hannun juyawa. Wanda ya yi wannan aikin, ko cikin mutum arba'in wani ya kauce, ya san wane ne.

A 1978 aka sauya taken ƙasa, aka kawo wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya yi wa kiɗa. Kwana muka yi a gindin fitila muna rarraba shi. Da aka dawo da tsohon taken a 2024, ina kallo wani matashi ya sauko da shi daga intanet, ya buga, ya raba, bai lura rabon masu ƙaho ya fi ƙarfin numfashinsu ba.

Maganar 'yan sanda ta tuna mini: da na dawo gida koyarwa, daga bariki muke aron masu busa, domin ɗalibanmu ba su kai ba. Iyaye ba sa son a ce ɗansu ya je jami'a ya dawo maroƙi. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Ina! Inda na yi aiki, ba a tunawa da mu sai bikin yaye ɗalibai ya matso. Wata uku kana horar da makaɗa, kwamitin ƙarin girma ya ce wasa ba bincike ba ne.

Ban ce a jefar da kwamfuta ba. Manhajar rubuta kiɗa ta Sibelius ta hutar da idanu da yawa. Amma duk wanda ya sake zuwa wurina neman gyaran hannu, ya zo da kiɗa ɗaya da ya kwafe da kansa, kowane rabo a shafinsa. Sai mu yi maganar sanda.