Daga Kejin Yara Zuwa Kujerar Iyali: Tarihin Kai Yara Kallon Ƙwallo a Ingila

A Ingila yau, uban da ke son ƙwallo yakan yi dogon nazari kafin ya kai ɗansa filin wasa karon farko. Wasu su ce shekara huɗu ta isa, wasu su ce a jira bakwai, lokacin da yaro zai iya zama minti 90 bai nemi a koma gida ba. Ana tafka wannan muhawara kamar tun fil'azal haka ake yi, alhali tambayar ba ta daɗe ba. Kakannin waɗannan iyayen ba su san ta ba, domin a zamaninsu yaro shi yake kai kansa kallo. Duk wanda ya bi tarihin filayen Ingila da Sikotland na shekara ɗari da ɗoriya zai ga cewa ginin filin da yadda ake tafiyar da taron cikinsa su ne suka riƙa yanke hukuncin ko yaro zai kwana a gida lafiya. Shekarun yaron ba su cika yin tasiri ba, kuma a ganina har gobe bai kamata su zama ma'auni na farko ba.

Kallon ƙwallo ya zama al'adar talakawan Ingila ne albarkacin hutun Asabar. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu su tashi aiki da ƙarfe 2 na rana a ranar Asabar, sannu a hankali sauran ma'aikata suka samu wannan rabin yini, daga nan ƙarfe 3 ta zama lokacin take wasa. Ƙungiyoyi 12 da suka fara gasar lig a 1888 duk daga garuruwan masana'antu na arewa da tsakiyar ƙasar suke, filayensu kuma a cikin unguwannin ma'aikata, gidaje na kewaye da katangarsu. Yaron unguwa ba ya neman mota ko rakiya, ƙafarsa ta ishe shi. Ƙuruciyar ma gajera ce a lokacin: sai a 1918 aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 14, sai a 1947 zuwa 15. Ɗan shekara 14 ma'aikaci ne mai ɗan kuɗin aljihunsa, wa zai tsaya tambayar ko ya isa kallon ƙwallo?

Ƙananan kuwa suna da hanyoyinsu. Akwai ƙofar yara mai rangwamen kuɗi. A Sikotland yaro yakan tsaya bakin ƙofar nan mai juyawa ya roƙi duk wani babba da ya gani ya ɗaga shi ya tsallakar da shi, mai karɓar kuɗi kuma ya kau da kai. Wanda bai samu ko ɗaya ba sai ya jira a buɗe ƙofofi dab da tashi don masu fita, ya kutsa ya ga ƙarshen wasan kyauta. A ciki kusan kowa a tsaye yake bisa matakala, don haka gajere ba ya ganin komai sai bayan mutane. Wasu yaran su zo da akwati ko 'yar kujera su taka, wasu kuma manya su ɗauke su, a riƙa miƙa su hannu zuwa hannu ta bisa kawunan jama'a har su isa gaba, bakin fili. Tsofaffin 'yan kallo suna tuna wannan da shauƙi, kuma gaskiya akwai zumunci a cikinsa. Manyan ƙungiyoyi kamar Liverpool da Everton har suka keɓe wani lungu da aka zagaye da waya, kejin yara, da nufin kare su daga matsin manya. Waɗanda suka tsaya a cikinsa sun fi tunawa da cin zalin da manyan yara ke yi wa ƙanana, da yadda burin kowa shi ne ya haura wayar ya shige cikin manya.

Wannan sakewa tana da farashi, kuma an biya shi da rayuka. Filayen sun riƙa ɗaukar jama'ar da ta fi ƙarfinsu. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1923 a Wembley, mutane sun cika har cikin filin wasan, sai da 'yan sanda a kan dawakai suka tura su baya kafin a fara. A 1937 fiye da mutum 149,000 suka shiga Hampden Park a Glasgow kallon Sikotland da Ingila. A 1946 mutum 33 suka mutu a turmutsutsu a filin Bolton. Ranar 2 ga Janairun 1971, a filin Ibrox, bayan wasan Rangers da Celtic, mutum 66 suka mutu a kan matakalar fita guda ɗaya, da yawansu matasa, har da 'yan makaranta biyar daga ƙauye guda. Wannan ne ya haifar da dokar tsaron filayen wasa ta 1975, amma a daidai lokacin hankalin hukuma ya koma kan 'yan daba da faɗan magoya baya, sai aka shiga kafa dogayen shingayen ƙarfe tsakanin 'yan kallo da fili. Wurin nan na gaba da ake miƙa yara don su tsira, shi ne ya koma wurin da ba shi da mafita. Ranar 11 ga Mayun 1985 gobara ta cinye rumfar katako a filin Bradford cikin 'yan mintoci, mutum 56 suka rasu, a ranar kuma katanga ta faɗa wa wani ɗan shekara 15 a Birmingham lokacin da rikici ya ɓarke. Iyaye da sauran jama'a suka ja da baya: 'yan kallon lig da suka haura miliyan 41 a kakar 1948/49 sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 17 a kakar 1985/86.

Sai bala'in filin Hillsborough, ranar 15 ga Afrilun 1989. Magoya bayan Liverpool 97 ne suka rasa rayukansu sanadiyyar matsin da ya auku a bayan shinge, fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su kai shekara 20 ba, mafi ƙanƙanta ɗan shekara 10 ne, ɗan'uwan fitaccen ɗan ƙwallo Steven Gerrard. An shafe shekaru ana ɗora wa 'yan kallo laifi, sai a 2016 binciken kotu ya tabbatar da cewa sakacin masu kula da taron ne ya kashe su, ba halin magoya baya ba. Abin lura a nan shi ne, matsin bai tambayi kowa shekarunsa ba. Ɗan shekara 10 da ɗan shekara 40 duk sun mutu a wuri guda, saboda dalili guda. Da a ce ƙa'idar ita ce a jira yaro ya kai 12 ko 15, da ba ta ceci mafi yawan waɗanda suka mutu ba.

Gyaran ya fara tun kafin nan a wurare kaɗan. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar Watford, ƙarƙashin shugabanta mawaƙi Elton John da kocinta Graham Taylor, ta keɓe wa iyalai ɓangarensu a fili, a lokacin da wasu ke ƙara tsawon shinge. Amma rahoton wani Taylor ɗin dabam, alƙalin da ya binciki Hillsborough, wanda ya fito a Janairun 1990, shi ne ya sauya komai. Aka sassauke shingaye, aka wajabta wa manyan rukunonin lig biyu su mayar da filayensu na zaune zalla kafin kakar 1994/95, kowane tikiti da lambar kujerarsa. Da gasar Firimiya ta zo a 1992 da kuɗin talabijin, filayen suka zama wurin da uwa za ta iya shiga da 'yarta ta shekara biyar. A nan ne tambayar shekaru ta samu gindin zama, domin sai da rai ya tsira sannan iyaye suka samu sararin tunanin ko yaro zai gaji, ko zai ji sanyi, ko zai fahimci wasan. Yaron da yake kai kansa kuwa ya ɓace, domin ƙungiyoyi da yawa yanzu ba sa barin wanda bai kai 14 ba ya shiga ba tare da babba ba.

Masu kewar zamanin da suna da ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa kujeru sun kori ɗan talaka, cewa yaron da ke shiga da 'yan sulalla yanzu sai ubansa ya yi tanadin makonni, kuma filin ya cika da masu furfura. Alƙali Taylor kansa ya yi fatan kada zama ya jawo tsadar da za ta kori masu tsayuwa, kuma ba a bi wannan ɓangare na shawararsa ba. Sai dai tsadar tikiti zaɓin masu ƙungiyoyi ne, tsaro bai tilasta musu ita ba. A Jamus ba a hana tsayuwa ba, kusan mutum 25,000 ke tsayawa a ɓangare guda na filin Dortmund, tikitinsu da sauƙi, kuma iyaye na zuwa da yara, domin ana ƙidaya masu shiga, akwai ƙarafan dafawa, hanyoyin fita kuma a buɗe suke. Ingila ma ta dawo da tsayuwa mai tsari tun 2022. Wanda ke kewar arha yana da gaskiya, amma wanda ke kewar kejin yara ya manta waɗanda ba su dawo ba.

Wani kuma zai ce ai halin yaro yana da muhimmanci, akwai mai tsoron hayaniya, akwai ashar da ke tashi idan alƙalin wasa ya busa abin da bai yi wa jama'a daɗi ba. Haka ne, kuma iyaye sun fi kowa sanin ɗansu. Amma wannan matsala ce mai sauƙin magani: idan yaro ya ƙosa, sai a fita a hutun rabin lokaci, asarar kuɗin tikiti kawai aka yi. Hayaniyar ita kanta ba ta cika korar yara ba. A Satumban 2011 hukumar ƙwallon Turkiyya ta hukunta Fenerbahçe ta hanyar hana maza manya shiga wasanta, sai mata da ƙananan yara fiye da 40,000 suka cika filin a Istanbul, aka yi wasa aka tashi lafiya.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin filaye da yawa a Afirka har yanzu suna inda Ingila take kafin 1989. A Accra, ranar 9 ga Mayun 2001, mutum 126 suka mutu a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko bayan an harba barkonon tsohuwa cikin jama'a alhali ƙofofi na rufe. A Janairun 2022 mutum takwas, har da ƙaramin yaro, suka mutu a ƙofar filin Olembe na Yawunde a gasar kofin Afirka, filin da sabo ne fil. Saboda haka uban da ke Kano ko Kumasi ko Yamai, mai son ɗansa ya ga ƙwallo ido da ido ba a gidan kallo kawai ba, ya fara bincika ko ana sayar da tikiti daidai yawan kujeru, ko ƙofofin fita suna buɗe har a tashi, da kuma yadda jami'an tsaro suka saba yi idan rai ya ɓaci. Ya zaɓi ƙaramin wasa da rana, ya guji karawar manyan abokan hamayya, ya je da wuri, ya zauna kusa da mafita. Idan filin ya cika waɗannan sharuɗɗa, ɗan shekara biyar ma zai iya zuwa. Idan bai cika su ba, a bar ɗan shekara 15 a gida, uban ma ya sake shawara.