Daga Bagadaza zuwa allon aji: tarihin abin da ake fara lissafawa

A shekarar 2019 wani ɗan guntun lissafi ya raba kan jama'a a intanet: 8 ÷ 2(2 + 2). Wasu suka ce amsar 16 ce, wasu suka rantse 1 ce, har aka shiga gwada na'urorin lissafi, su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Kowane ɓangare ya iya tarawa, ya iya rabawa. Abin da ya raba su shi ne wanne za a fara yi. Wannan tambaya kuwa tana da tarihi, kuma tarihin nata na rubutu ne fiye da na lissafi.

Mu fara da harshenmu. In Bahaushe ya ce "ɗari uku da hamsin", ya ninka ɗari sau uku tukuna, sannan ya ɗora hamsin. Ba wanda zai haɗa uku da hamsin ya ce ɗari hamsin da uku ake nufi. Haka a kasuwa: buhu uku a dubu biyar biyar, da kwano biyu a ɗari biyar biyar, mai kaya zai fitar da kuɗin buhuna, ya fitar da na kwanuka, daga baya ya tara. Ninkawa ta riga tarawa tun kafin a kafa mata doka a littafi. Amma harshen ma yakan yi tuntuɓe. "Dubu ɗari da biyar" 105,000 ne ko 100,005? Shi ya sa mai kula yakan ce "da dubu biyar" ko "da guda biyar".

Da kalmomi irin waɗannan magabata suka yi ta lissafi. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, bai yi amfani da alama ko ɗaya ba. Abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'", wato abu, in an ninka abin da kansa ya zama "mal", wato dukiya. Abin da ɗalibin yau zai rubuta x² + 6x = 16, a salon wancan zamani cewa za a yi dukiya ɗaya da abu shida sun yi daidai da dirhami goma sha shida. Akwai tsawo, akwai gajiyarwa, amma da wuya a ɓata hanya, domin jimlar da kanta take faɗa maka me ya rataya ga me.

Taƙaitawa ta yi ƙarfi a Magrib da Andalus. A ƙarni na 12 al-Hassar ya yi amfani da ɗan layin nan da ke raba lambar sama da ta ƙasa a rubutun kaso. Al-Ƙalasadi, wanda ya rasu a Tunisiya a 1486, yana sa harafin shin a madadin "shai'", mim a madadin "mal", jim kuma a madadin "jizr", wato tushe. A Turai kuwa alamomin ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa, daga hannuwa daban-daban. Johannes Widmann ya buga + da − a Leipzig a 1489, cikin littafin lissafin ƴan kasuwa, inda suke nuna rara da giɓi. Robert Recorde ya kawo = a 1557, bisa hujjar cewa ba abubuwa biyu da suka kai layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa daidaituwa. William Oughtred ya yaɗa × a 1631, sai Johann Rahn ya sa ÷ a matsayin alamar rabawa a 1659.

Ba wani taro da aka yi aka amince da waɗannan. Leibniz, alal misali, bai so × ba, don tana kama da harafin x, sai ya zaɓi ɗigo. A rabawa kuma ya riƙa sa ɗigo biyu. Sawun wannan saɓani yana nan a makarantunmu. Yaron da ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram, kan tsarin Faransa, ya saba ganin 8 : 2, ɗan'uwansa na Katsina kuwa 8 ÷ 2 ya sani, gadon Ingila. Na farko yana rubuta 2,5 inda na biyu zai rubuta 2.5. Iyakar da Turawa suka shata ta bi yaran har cikin littafin lissafi.

Da alamomi suka maye gurbin kalmomi, sai aka yi asarar abin da jimla take bayarwa kyauta, wato nuna abin da ke haɗe da juna. An daɗe ana jan layi a saman lambobin da ake so a ɗauka a dunƙule. Ragowarsa ce rufin da ke kan alamar √ har yau. Baka biyu sun bayyana tun ƙarni na 16, amma sai a na 18 suka zauna daram, da taimakon Leibniz da Euler, da kuma masu ɗab'i, waɗanda jera baka ya fi musu sauƙi a kan jan layi sama da haruffa.

Gabatar da ninkawa a kan tarawa bai taɓa zama abin jayayya sosai ba. Duk wanda ya rubuta ax + b ya riga ya yarda da shi, in ba haka ba da kowace jimlar aljabara ta cika da baka. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ninkawa da rabawa. Florian Cajori, a littafinsa na tarihin alamomin lissafi da ya fito a 1928 da 1929, ya nuna cewa a lokacinsa marubuta ba su daidaita ba kan wanne za a fara in ÷ da × suka haɗu a layi ɗaya. Dokar da ake haddacewa a aji, BODMAS a Nijeriya da Ingila, PEMDAS a Amurka, littattafan makaranta ne suka girke ta, kuma a ganina ta ƙara ruɗani: ɗaya ta sa rabawa gaba, ɗayar ta sa ninkawa, alhali abin nufi shi ne matsayinsu guda, a bi su daga hagu zuwa dama.

To, mu koma ga 8 ÷ 2(2 + 2). Mai bin hagu zuwa dama zai raba 8 gida biyu, ya sami 4, ya ninka da 4, ya sami 16. Wanda ya saba da aljabara kuwa yana kallon 2(2 + 2) a matsayin dunƙule ɗaya, kamar yadda yake karanta 2a, don haka zai raba 8 da 8 ya sami 1. Kowa na da al'adar da ya dogara a kai. Wanda ya rubuta tambayar ne ya bar ƙofa biyu a buɗe. Da ya ja layin al-Hassar, ya sa 8 a sama, 2(2 + 2) a ƙasa, da ba mai musu 1 ce. Da ya rubuta (8 ÷ 2) × (2 + 2), da kowa ya tsaya a 16. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta alamomin lissafi, ISO 80000-2, ta ma ce kada a yi amfani da ÷ wajen rabawa, a sa layin kaso ko karkataccen layi a madadinta.