Daga Karan Ɗori Zuwa Kwankwason Ƙarfe

A ƙarni na 19, fataken Kano kan yada zango a Parakou da Djougou kafin su wuce Salaga sayen goro. Wanda ya karye a hanya, mai ɗori ne gatansa: ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure tamau da tsumma.

Amma ɗori ba ya maganin gaɓar kwankwaso da tsufa ya cinye. Sai a 1962 likita John Charnley na Ingila ya dace da dabarar maye gurbin gaɓar: ƙwallon ƙarfe cikin kofin roba mai tauri, a liƙe da sumuntin ƙashi.

Yau a wancan tsohon zangon fatake, Jami'ar Parakou, da aka kafa a 2001, tana yaye likitoci. Dattijon da kwankwaso ya hana zaman tahiya, a kai shi hoton ƙashi da wuri.