Daga Allura Zuwa Kyamara: Yadda Aka Daina Soke Malam-buɗe-littafi

Duk wanda ya taɓa lallaɓawa da wayarsa don ya ɗauki hoton malam-buɗe-littafi a kan fure ya san yadda ake ƙarewa. Kana matsowa ya tashi. In ma ya tsaya, sai ka tarar ido ya fito tar amma fiffiken ya dushe. Wannan 'yar wahalar ta daɗe tana ba masana ciwon kai, kuma kafin a shawo kanta ƙwari masu ɗimbin yawa sun mutu.

A ƙarni na 18 da na 19, hanyar nazarin wannan ƙwaro ɗaya ce: a kama shi da raga, a kashe, a buɗe fikafikan a soke ƙirjin da allura, a jera cikin akwati. Gidan tarihin halittu na Landan har yau yana da miliyoyinsu a durowoyi. Wanda ke son ya nuna shi da rai kuwa sai dai ya zana, kamar yadda Maria Sibylla Merian ta yi bayan ta tafi Suriname a 1699, ta fitar da littafinta a 1705.

Zuwan kyamara a 1839 bai canza komai nan take ba, domin hoton farko yana buƙatar abu ya tsaya cak na tsawon mintuna. Ko da fim ya ƙara sauri, sai wata matsalar ta ɓullo. Idan ka matso da kyamara dab da ƙaramin abu, wurin da ke fitowa sarai ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu. Don ka faɗaɗa shi sai ka tsuke ƙofar da haske ke shiga. Ka tsuke ta, haske ya ragu, dole ka bar ta a buɗe ta ɗan jima. Kafin nan iska ta kaɗa furen. Ga kuma launi, wanda shi ne rabin kyan ƙwaron, bai zo da sauƙi ba sai da Kodachrome ya fito a 1935.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Baturen Ingila Stephen Dalton, wataƙila saboda ya tunkari abin kamar yadda mu masu rubuta manhaja muke yi. Ya gane cewa yatsan mutum ba zai taɓa riga fiffike sauri ba, sai ya cire yatsan daga lissafin. A farkon shekarun 1970 ya haɗa wani siririn haske da na'ura mai ji, ta yadda ƙwaron da kansa ne zai ɗauki hotonsa idan ya gifta, tare da fitila mai walƙiyar kashi ɗaya cikin 25,000 na daƙiƙa. Littafinsa Borne on the Wind ya fito a 1975, kuma ɗaya daga hotunansa na ƙwaro a sama yana cikin faifan da kumbunan Voyager suka tafi da shi a 1977. Sai dai yawancin aikin a ɗaki ya yi shi, cikin dajin da ya shirya da hannunsa.

Komawa dajin gaske ya zo ne da sauyin ra'ayi. A Amurka, Jeffrey Glassberg ya kafa ƙungiyar masu kallon malam-buɗe-littafi a 1992, yana kira da a ajiye raga a ɗauki madubin hangen nesa da kyamara. Daga baya iNaturalist, wadda ɗalibai suka fara a Berkeley a 2008, ta mayar da kowane hoto shaida mai ɗauke da rana da wuri. Tun 2017 manhajar kan duba hoton ta ba ka sunan ƙwaron. Amma kwamfuta abin da aka nuna mata ta sani, kuma an fi ɗora mata hotunan Turai da Amurka.

Ni ina bayan kyamara, amma ba zan ce ta gama maye gurbin raga ba. A watan Oktoban 2013, masani Gerard Talavera ya ga wasu malam-buɗe-littafi na jinsin Vanessa cardui a bakin teku a Guiana ta Faransa, a galabaice, fikafikansu duk a yage. Ba a san jinsin da hayayyafa a Kudancin Amurka ba. Da hoto kawai ya ɗauka, da iyakar abin da za a ce shi ne an gan su. Ya kama su, aka kai ɗakin bincike, sakamakon ya fito a 2024: sun ƙetare Tekun Atlantika ne daga Yammacin Afirka, tafiyar aƙalla kilomita 4,200. Cikin hujjojin har da garin furen da ya maƙale a jikinsu, wanda aka gano na wasu itatuwan Sahel ne guda biyu masu fure a ƙarshen damina, wato sabara da kurna.