Tomi-gan: Bindigar 'Yan Fim Da Ta Yi Zaman Gidan Yari

DUK mai kallon tsofaffin finafinan Amurka na 'yan ta'adda ya san ta ko da bai san sunanta ba. Ita ce bindigar nan mai gwangwanin harsashi zagayayye kamar faifai a ƙasanta, wadda bos zai fito da ita daga cikin doguwar kwat ya yi ta feshi. Sunanta Thompson, ana yi mata laƙabi da Tomi-gan, wasu kuma su ce "tafiretan Chikago" saboda ƙararta kamar ana buga tafireta. To amma mai karatu, abin da fim bai cika nuna mana ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan bindigogi a ofisoshin 'yan sanda da ma'ajiyar makamai ta gidajen yari suka yi rayuwarsu.

Wani Janar na sojan Amurka, John T. Thompson, shi ya kafa kamfanin Auto-Ordnance a 1916, da nufin ƙera makamin da soja guda zai share ramin abokan gaba da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin a gama shiri sai yaƙin ya ƙare a Nuwamba 1918. Ga kaya, babu mai saye. Duk da haka a 1921 kamfanin Colt ya fara ƙera guda 15,000 bisa kwangila, ana sayar da kowace a kan dala 200, a zamanin da sabuwar motar Ford ba ta wuce ninkin wannan kuɗi ba. Tana cin harsashi 20 a dogon gida, 50 ko 100 a zagayayyen. Da sojoji suka yi sanyin jiki, sai kamfanin ya koma tallata ta ga 'yan sanda, bankuna, masu rakiyar wasiƙu da gidajen yari.

Sai dai 'yan fasa-ƙwaurin giya su ma sun gano ta. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai a wani gareji a Chikago aka harbe su da Thompson guda biyu. Fim ɗin Scarface na 1932, wanda Paul Muni ya fito a ciki, ya ƙara mata suna. Shugabannin gidajen yari suka ga ai tunda abokan fursunonin da ke waje suna riƙe da ita, dole gandiroba ma ya riƙe.

Nan fa gizo ke saƙar. A farkon 1934 aka tsare shahararren ɗan fashin banki John Dillinger a kurkukun Crown Point da ke Jihar Indiana, aka zuba masu gadi, ana ta bugun ƙirji cewa ba mai iya fita. Ranar 3 ga Maris 1934 Dillinger ya ritsa masu gadin da abin da ya yi ta alfahari daga baya cewa bindigar katako ce ya shafa wa baƙin man takalmi. Ya kulle su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki mashinga biyu na masu tsaron nasa, ya shiga motar Lillian Holley, shugabar 'yan sandan gundumar, ya kama hanyar Chikago. Wato makamin da aka kawo don a tsare shi, shi ya yi masa rakiya. Bai daɗe ba, domin ranar 22 ga Yuli 1934 jami'an tsaro suka harbe shi yana fitowa daga silimar Biograph, inda ya kalli Manhattan Melodrama na Clark Gable. Wanda ya kalli Public Enemies na 2009 ya ga Johnny Depp a wannan matsayi.

A wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta buɗe kurkukun tsibirin Alcatraz, inda aka ajiye Al Capone da George Kelly, wanda laƙabinsa ma mashinga ne. Dokar gidan ita ce gandiroban da ke cuɗanya da fursunoni ba ya riƙe bindiga ko kaɗan. Makamai suna kan hasumiya da wasu barandu biyu masu shingen ƙarfe a can sama, inda mai gadi ke leƙen kowa amma hannu ba ya kai gare shi. Dalilin a fili yake: bindigar da ke kusa da fursuna, gobe tasa ce.

Ko hakan ma bai hana tsautsayi ba. Ranar 2 ga Mayu 1946 wani fursuna, Bernard Coy, ya haura har barandar yamma, ya buɗa ƙarafan da wani ɗan ƙarfe da ya harhaɗa, ya kutsa ya doke mai gadin, ya ƙwace doguwar bindiga da fistul. Abin da ya karya shirinsu makullin ƙofar fili ne da suka rasa a kan lokaci. Aka kwana biyu ana ɗauki-ba-daɗi har da sojojin ruwa, gandirobobi biyu da fursunoni uku suka mutu. Ka ƙaddara a ce Tomi-gan ce Coy ya tarar a wannan baranda!

To ina masu tara kayan tarihi suka shigo? Dokar makamai ta 1934 ta wajabta rajistar irin waɗannan bindigogi a Amurka, ta ɗora harajin dala 200 a kan kowane ciniki, daidai da kuɗin bindigar kanta. Sannan daga 19 ga Mayu 1986 aka rufe rajistar sababbi ga farar hula. Tun daga ranar adadin waɗanda za a iya mallaka bai ƙaru ba, shi ya sa Thompson ƙirar Colt ta kai dubban daloli masu yawa a wajen gwanjo.

Wadda ɗan ta'adda ya riƙe, galibi an goge lambarta, ko ta ƙare a hannun hukuma. Biyun nan na kisan 1929 ma, a gidan Fred Burke aka kama su a Jihar Michigan, suka zama ajiyar 'yan sandan gundumar Berrien. Ita kuwa ta gidan yari, shekara da shekaru tana jingine a kabad, ana shafa mata mai, ana ƙirga ta safe da yamma, sai ranar atisaye ake fito da ita. Lambarta na nan, takardunta na nan, wani lokaci har da hatimin ma'aikatar a jikin katakonta. Mai saye yakan bi lambar har ya gano ranar da aka tura ta da wanda ya karɓa, kuma wannan tarihi shi ke ɗaga farashi.

Saboda haka in ka sake ganin jarumi yana feshin wuta da Tomi-gan, ka tuna da 'yar'uwarta da ta tsufa a kabad ɗin gandirobobi. Ita ba ta yi suna a majigi ba, amma ita ce ta rayu har aka zo ana rububinta.